Allura ɗaya aka yi musu, ɗaya ya tashi garau ɗaya ya kurumce: me ya bambanta su?

Kawun_Yara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata uku ke nan abin yana cina a rai, yau na ce bari in kawo shi nan tunda akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. Ɗan yayata ne, shekararsa shida, sanƙarau ya kama shi cikin watan Maris. Zazzaɓi ya fara masa ranar Talata da yamma, uwar ta karɓo maganin maleriya da farasitamol a kemis. Laraba ya wuni yana amai yana cewa kansa zai fashe. Alhamis da asuba ya fara shiɗewa, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, sannan aka kira ni na zo da mota muka kai shi babban asibiti. Kwana goma muka yi ana masa allura ta jijiya.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro sa'ansa, ciwo ɗaya, allura ɗaya, ni da mahaifinsa tare muke zuwa shago ɗaya mu sayo. Kwana shida aka sallame shi, da ƙafarsa ya fita. Namu ya rayu, alhamdu lillahi, amma ba ya ji. Jiya na tsaya a bayansa na kira sunansa sau uku, yana ta wasa da murafen kwalba, bai waiwayo ba.

Yayata ta dage allurar ce ta kashe masa kunne. Mijinta ya ce jabu aka sayar mana. Don Allah masu sani, idan magani ɗaya ne, me ya sa wannan ya tashi lafiya namu ya kurumce?

Maman_Tagwaye:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya ba uwarsa juriya. Na karanta hawaye na zubo min.

Bazamfare_17:
Allah ya sa kaffara ne. Mu da muka ga 2017 mun san wannan ciwo. A unguwarmu akwai gidan da aka fitar da gawa biyu cikin mako guda.

Likitar_Yara:
Wa alaikumus salam Kawu, sannunku da jinya. Ban ga yaron ba, ban ga takardunsa ba, don haka abin da aka saba gani zan faɗa.

Da farko, sanƙarau suna ne ɗaya amma masu kawo shi suna da yawa. Kumburi ne na rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A yara masu shekarun naku manyan ƙwayoyin bakteriya uku ne: meningokokus, wanda ke zuwa da annoba lokacin zafi, sai nimokokus, wanda kuma shi ne ke kawo ciwon huhu da ciwon kunne, sai wanda ake kira Hib. Dukkansu ana fara musu da allura ɗaya, seftiriyazon, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Meningokokus yana kisa da sauri, sai dai idan aka tare shi da wuri yana jin magani, kwana 5 zuwa 7 sun isa. Nimokokus ya fi taurin kai, yana cin kwana 10 zuwa 14, kuma ya fi barin tabo, musamman kurumta. Kwana shidan wancan yaro da kwana goman naku suna iya nuna cewa ba ƙwaya ɗaya ce ta kama su ba.

Sai maganar lokaci, kuma ita ce babba. Daga Talata da yamma zuwa Alhamis da asuba kusan awa 36 ne. Allurar tana kashe ƙwayar cuta, ba ta gyara abin da kumburi ya riga ya lalata. Kumburin nan yana bi ya shiga can cikin kunne, wurin da ke naɗe kamar katantanwa, kuma yawanci a farko-farkon ciwon yake yin ɓarnar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama ɗaya yana rasuwa, kuma kusan ɗaya cikin biyar yana tashi da larura mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa, ko wahalar koyo.

Ka gaya wa yayarka seftiriyazon ba a san shi da kashe kunne ba. Wanda ake taka-tsantsan da shi kan kunne shi ne jentamaisin da danginsa. Tambaya ɗaya: an ɗebi ruwan bayansa, wato ruwan da ke kewaye da laka, don gwaji?

Kawun_Yara:
Likita na gode. Ba a ɗeba ba. Sun nema har sau biyu, mahaifinsa ya ƙi sa hannu, ya ce wanda aka zuƙe wa ruwan baya ba ya ƙara tafiya.

Ɗan_Kwari:
Gaskiya ban ga laifin uban ba. Wani maƙwabcinmu an yi wa 'yarsa, washegari ta rasu. Ni ma ba na jin zan yarda a soki ƙashin bayan ɗana.

Nas_Mai_Dare:
Ɗan_Kwari, Allah ya jiƙan yarinyar, amma ka tsaya ka ji. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin yara, ni nake riƙe su idan za a ɗeba. Ba ƙashi ake soka ba, tsakanin ƙasusuwan kwankwaso allurar ke shiga, ƙasa da inda laka ta ƙare. 'Yan ɗigo ake tara a ƙaramar kwalba, jiki kuma yana mayar da su cikin ɗan lokaci. Abin da ya sa mutane suka ɗora masa laifi shi ne, yaran da ake yi wa su ne waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Idan yaro ya rasu sai a tuna da abin da aka gani da ido, a manta da kwana ukun da aka yi a gida.

Ruwan mai lafiya garau yake kamar ruwan famfo. Na mai sanƙarau kuwa sau da yawa fari-fari yake fitowa kamar ruwan gasara, tun kafin a kai ɗakin gwaji ka san abin da ke nan. Shi ne zai faɗa mana wace ƙwaya ce, wane magani take ji, kwana nawa za a yi. In babu shi, lalube likita yake yi a duhu. Kuma akwai yaran da likita da kansa zai ce kada a ɗeba yanzu, kamar wanda ya yi dogon suma ko ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta kumbura sosai. Ko an ɗeba ko ba a ɗeba ba, ba a jinkirta allura don jiran sa.

Ɗan_Kwari:
To Sista, na ji. Amma ku ma ku riƙa yi wa mutane bayani irin wannan a can, ba a miƙo takarda a ce sa hannu ba.

Nas_Mai_Dare:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba zan musa ba. Wani dare mu biyu ne a kan yara sama da talatin, amma duk da haka haƙƙin iyaye ne a yi musu bayani.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Bari in taɓa maganar jabu da mijin yayar ya kawo. Jabun magani yana nan a kasuwa, ba wanda zai ce babu. Amma Kawu ka ce shago ɗaya kuke saye da ɗayan mutumin, nasa kuma ya warke. Da ruwa aka sayar muku, da wuya ko ɗayansu ya tashi, domin wannan ciwo in ba magani kisa yake yi.

Abin da na fi gani a wurin aikina wani ne daban. Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, ba kowane magani ke ƙetarawa ba, wanda ke ƙetarawar ma kaɗan ne daga cikinsa ke isa. Shi ya sa awon sanƙarau ya fi na sauran cututtuka. Yaro ana ba shi miligiram 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 kwalba biyu ta giram ɗai-ɗai. Babba kuwa giram 2 safe, giram 2 dare, kwalba huɗu kullum. Sai ka ga mutum ya zo da takarda an rubuta huɗu ya ce a ba shi biyu, kuɗin da ke hannunsa ke nan. Ko kuma kwana uku maras lafiya ya buɗe ido ya nemi kunu, dangi su ce a sallame su za su ƙarasa da ƙwaya a gida. Ƙwayoyin haɗiyar da aka saba saye a kemis ba sa maye gurbin allurar jijiya a wannan ciwo. Na faɗi awon ne don a gane nauyin abin, ba don wani ya ɗaura a ɗaki ba.

Kawun_Yara:
Akwai rana ɗaya, ta huɗu, da kanula, robar da ake sa wa a jijiya don allura, ta toshe da dare, ba a samu jijiya ba sai da hantsi. Kuɗi kam ba mu taɓa ragewa ba, na sayar da wayata ta biyu.

Likitar_Yara:
Jinkirin wasu awanni a rana ta huɗu ba abin so ba ne, amma ba shi zan fara zargi ba Kawu. A lokacin an riga an kwana uku ana yi masa magani.

Ɗalibin_Likitanci:
Ranki ya daɗe ina da tambaya. An koya mana cewa dekzametazon yana rage kurumta idan aka haɗa shi da allurar. Ko rashin ba shi ne?

Likitar_Yara:
Ka yi karatu, amma ka ƙarasa shafin. Dekzametazon yana kwantar da kumburin da ke tashi lokacin da ƙwayoyin ke mutuwa, don haka sai an ba shi kafin allurar farko ko tare da ita. Babban binciken da aka yi a Turai kan manya, wanda ya fito a 2002, ya nuna amfaninsa ƙarara, musamman a nimokokus. Amma da aka gwada a Bilantaya ta ƙasar Malawi, kan yara a 2002 da kan manya a 2007, ba a ga ya rage mutuwa ba. Cikin dalilan da masana suka kawo akwai zuwa asibiti a makare, da yawan masu ƙanjamau da rashin abinci mai gina jiki cikin marasa lafiyar. Ka ga mun sake dawowa kan lokaci. Inda ba a gardama sosai shi ne sanƙarau na tarin fuka, a can an tabbatar yana rage mutuwa.

Baba_Tsohon_Hedimasta:
'Ya'yana, ku da kuke mamakin abin da ya sa mutane ke gudun asibiti, ba ku ga 1996 ba. Ina koyarwa a Kano a lokacin. Sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu a shekara ɗaya. Za ka kira sunan yaro a rajista da safe, 'yan ajinsa su ce ai an binne shi jiya. Ana kwana a tsakar gida saboda an ce cunkoso a ɗaki ke yaɗa shi. A shekarar ne kuma aka yi gwajin maganin nan da har yau ake magana. Tun daga nan da yawa suka daina sakin jiki da abin da ba a yi musu bayaninsa ba.

Mai_Bin_Tarihi:
Baba ya tuna mana. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Gwajin kuwa kamfanin Pfizer ne ya yi shi a Asibitin Zana da ke Kano, kan yara 200. Rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka ba su seftiriyazon ɗin nan da ake magana. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da larura. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, an kuma yi ƙorafin an rage awon seftiriyazon ɗin. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Abin da zan ƙara don kada a cakuɗa: Trovan ba ya cikin magungunan da ake yi wa yaranmu yau. Seftiriyazon kuwa tun shekarun 1980 ake amfani da shi a duniya.

'Yar_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar ciwon bai bar mu ba, a 2015 ya yi ɓarna sosai a Yamai har aka rufe lakkwal, wato makarantu. Innata takan ba mu labarin allurar mai da ake yi a da lokacin annoba, mai kauri, a cinya ko ɗuwawu, sau ɗaya. Kuloramfenikol ce. A nan ƙasar aka gwada ta da seftiriyazon a 2003 aka ga seftiriyazon bai gaza ta ba, daga baya ya maye gurbinta.

Sannan a 2017 an yi wani aiki a Madarunfa, kusa da mu. Ƙauyen da aka samu mai sanƙarau sai a ba kowa da kowa ƙwayar siprofulokzasin sau ɗaya. Ƙauyukan da aka yi haka, masu kamuwa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Kawu, Allah ya ba yaro lafiya.

Ɗan_Kwari:
To ai shi ke nan. In zafi ya shigo kowa ya sayi sipro ya ba iyalinsa.

Mai_Harhaɗa_Magani:
A'a don Allah Alhaji, kada ka yi haka. Wancan ana cikin annoba ne, jami'an lafiya suka raba, sau ɗaya, da awon kowa gwargwadon shekarunsa. Kariyar 'yan kwanaki ce, kuma ta meningokokus ce kawai. Shan sa barkatai shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Yanzu haka akwai nimokokus da penisilin ba ya yi masa komai, har a wasu ƙasashe sai an ƙara bankomaisin a kan seftiriyazon, shi kuma tsada gare shi. Wanda aka samu mai ciwon a gidansa ya tambayi likitan da ke duba shi, shi zai faɗi ko 'yan gida na buƙata.

Maman_Tagwaye:
Ni abin da ya ɗaure min kai, ba ana yin riga-kafin sanƙarau ba? Ko yaron ba a yi masa ba ne?

Jami'in_Riga_Kafi:
Hajiya riga-kafin ba guda ɗaya ba ne. Meningokokus kansa gida-gida ne, akwai A, C, W, X, Y. Wanda ya yi ɓarnar 1996 A ne. Allurar MenAfriVac da aka fara a Barkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011, ta kusan kawar da shi. Sai C ya taso, shi ne na 2017 da ya faro daga Zamfara ya bazu Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, mutum sama da 14,000 aka yi zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai tare duk biyar ɗin. Hib yana cikin allurar Penta ta jarirai, nimokokus kuma yana da tasa da ake yi a sati 6, 10 da 14. Ko ita ba duk ire-irensa take rufewa ba, don suna da yawa ƙwarai. Kawu ka duba katin yaron.

Bakatsine_Direba:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce, amma duk ƙwaƙwalwa ce. Ƙanena tun yana ƙarami kunnensa na hagu ke zubar da ruwa mai wari. Mun saba, sai dai a toshe da auduga, in ya matsa a ɗiga man zafi. Yana da shekara ashirin da biyu ya fara ciwon kai da ba ya jin magani, ya fi tsananta da asuba. Sai ya fara tafiya kamar mai maye, yana magana ba kan gado. Wuyansa lafiya lau, zazzaɓin ma ba wani mai zafi ba. Muka ce iska ce. Sati biyu ana ruƙiya da hayaƙi. Ranar da ya faɗi yana jijjiga muka kai shi asibitin koyarwa, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna min wani zobe fari da duhu a tsakiya, ya ce wannan mugunya ce ta taru, daga kunne ta shiga. An huda ƙoƙon kai aka zuƙe, aka yi sati shida ana allura, daga baya aka yi aikin kunnen. Yana nan da rai, ya yi aure, amma har yau yana shan maganin farfaɗiya kuma an hana shi tuƙi. Duk wanda ke da yaro mai zubar kunne, don girman Allah kada ya saba da shi kamar yadda muka saba.

Likitar_Yara:
Na gode da ka kawo wannan Malam. Maruru a ƙwaƙwalwa hanyarsa daban. Yakan taso daga tsohon ciwon kunne, ko kogunan hanci, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko raunin kai, ko a yaran da aka haifa da ciwon zuciya mai sa leɓe ya yi shuɗi. Ƙwayoyin sukan zo a gauraye, har da waɗanda ba sa son iska, shi ya sa ake haɗa seftiriyazon da metronidazol. Mugunyar tana yi wa kanta bango, magani ba ya ratsawa da kyau, don haka idan ta wuce kamar santimita biyu da rabi sai an zuƙe. Jinyar sati shida zuwa takwas ce. A nan kuma ɗibar ruwan baya hatsari ne, hoto ake fara yi. Abin da ya fi nuna yadda mutum zai ƙare shi ne halin da ya iso asibiti: wanda ya zo yana gane mutane ya fi wanda aka kawo a sume damar tashi nesa ba kusa ba.

Malam_Na_Zaure:
Ina son in yi magana a kan ruƙiya, kada a fahimci ɗan uwa Bakatsine ba daidai ba. Addu'a ba ta hana asibiti. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Ni idan aka kawo min yaro jikinsa zafi rau yana fizge-fizge, cewa nake ku ɗauke shi mu tafi, zan yi masa tofi a mota. Ina roƙon 'yan uwana malamai su yi haka.

Bakatsine_Direba:
Allah ya saka Malam. Da irinka muka samu da ba mu yi sati biyun nan ba.

Ungozoma_Ta_Gari:
Ku ƙara da jarirai. Jinjiri ba ya sanƙarewar wuya kamar babba. Sai dai ya ƙi kama nono, ya yi laƙwas, ko ya riƙa wani siririn kuka da ba ya rarrasuwa, maɗigarsa ta kumburo ta yi tauri. Wani ma jikinsa sanyi zai yi maimakon zafi. Kakanni su ce ciwon maɗiga ne a shafa magani a ka. Maganinsu ma daban ne, akan sa ampisilin tare da wani, kuma jinyar takan kai sati uku. Mai jego da ta ga haka kada ta jira arba'in, kada ta jira ma gari ya waye.

Tsohon_Majinyaci:
Nawa na tarin fuka ne ya hau kai. Sati uku ina rama da ciwon kai a hankali, aka yi ta min seftiriyazon ba canji. Sai da aka ɗebi ruwan baya aka gano. Shekara guda cur na yi ina shan magani, kyauta ake ba mu. Ɗan_Kwari, ga ni nan ina tafiya da ƙafata.

Kurma_Mai_Ɗinki:
Kawun_Yara, na daɗe ina karantawa, kowa yana maganar abin da ya wuce. Ni zan yi maganar yaron. Ni kurma ne. Sanƙarau na 1996 da Baba ya faɗa shi ya tafi da jina ina shekara bakwai. Abin da ya fi min ciwo ba rashin ji ba ne, yadda gida ya yi shiru da ni ne. Aka daina aike na, aka daina yi min faɗa, aka cire ni daga makaranta shekara uku ana yawon neman magani. Maganata da nake da ita ta fara lalacewa don ba wanda ke tanka min.

Yaronku shekararsa shida, ya iya magana, wannan dukiya ce. Ku tsaya a gabansa ku yi magana yana ganin bakinku, kada ku kira shi ta baya. Ku bar shi ya yi ta surutu ko da muryarsa ta canza. Ku koyi maganar hannu tare da shi, duk gidan, ba shi kaɗai ba. Ni a makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano na dawo mutum. Yau ina da shago da yara huɗu masu koyon ɗinki, da mata da 'ya'ya uku, duk suna ji.

Maman_Tagwaye:
Allahu akbar. Allah ya ƙara rufa asiri ɗan uwa.

Likitar_Yara:
Abin da Kurma_Mai_Ɗinki ya faɗa ya fi duk abin da na rubuta amfani a yanzu. Ƙari ɗaya, kuma da gaggawa Kawu: a kai shi gwajin ji wurin likitan kunne cikin makon nan. Bayan sanƙarau katantanwar kunnen takan fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, idan ta toshe dashen na'urar ji yana wahala. Dashen yana da tsada sosai, ba zan ɓoye maka ba, amma wani yaron ana samun sauran ji a kunne ɗaya, na'urar maƙalawa ta wadatar da shi. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ka'ida ma duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin sallama ko jim kaɗan bayanta.

Kawun_Yara:
Jiya da dare na je gidan na karanta musu duka. Yayata ta daina zargin allurar, amma ta koma zargin kanta, tana kuka tana cewa ita ta zauna da shi kwana biyu. Ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Nas_Mai_Dare:
Ka ce mata ranar farko sanƙarau da maleriya kamarsu ɗaya, mu ma da muke aikin yakan rikita mu sai an yi gwaji. Ta yi abin da kowace uwa a unguwarsu za ta yi da abin da ta sani. Kuma ita ce ta tashi da asuba ta sa aka kira ka.

Bazamfare_17:
Ni dai har yanzu ina ganin ba iyaye kaɗai ba ne. Wani ƙauyen kafin ka kai inda ake da allurar nan sai ka yi tafiyar awa uku a babur, in hanyar ta yi lafiya ke nan. Da ƙananan asibitoci na da ita su yi ta farko kafin su tura, da an ceci da yawa.

Kawun_Yara:
Mijin nata kuma bai sauka daga maganar jabu ba, ashe ya adana kwalaben duka a leda. Na duba katin riga-kafin, an yi na sati 6 da na sati 10, sauran layin babu komai. Mun shirya tafiya Kaduna ranar Litinin in sha Allahu. Kurma_Mai_Ɗinki, yau na tsuguna a gabansa na ce masa ya kawo min ruwa, ya kalli bakina, ya tafi ya kawo.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Tunda kwalaben na nan, ɗauki hoton ɗaya ta gefen da lambar NAFDAC da ranar lalacewa suke ka turo min ta akwatin sirri, zan duba masa. Ku tafi da takardar sallama da katin riga-kafin ranar Litinin, za a tambaye ku.